Adalcin Wa?

Tun 1965, ƙungiyoyin wasan besbol na Amurka kan zauna kowace shekara su zaɓi matasan 'yan wasa bi da bi, galibi waɗanda suka fi shan kaye su ke fara ɗauka. Mukan ce wannan adalci ne, tun da an tallafi mai rauni. To, yaron fa? Ba a tambaye shi inda yake so ba. In ya ƙi, sai ya jira wani zaɓen. A nan Jimeta kuwa, ɗan ƙwallon ƙafar da ya yi fice a Dandalin Ribadu shi ke da ta cewa, amma kuɗi kan janye shi, Adamawa United ta bi shi da kallo. Mu da muke tafa masa, 'yancinsa muke so, ko zamansa a gida?