Wanda Bai San Sunan Itace Ba, Zai Kiyaye Shi?

Akwai iyayen da ransu yakan ɓaci in sun ga malami ya fitar da yara daga aji, ya kai su bakin gona suna duban ganye da ƙwari. Sukan ce sun sa yaro makaranta ne domin ya rabu da hauya, ba domin a komar da shi cikin ƙura ba. Wahala ce ta koya musu wannan magana, saboda haka ba a raina ta. Amma ya kamata a auna ta.

Littafin Farawa ya nuna cewa da Allah ya halicci mutum, ya danƙa masa amanar gona, ya kuma kawo masa dabbobi da tsuntsaye domin ya sa musu suna. Ayyukan nan biyu tare suke tafiya. Mutum ba ya riƙe amanar abin da bai sani ba. Itacen da ba shi da suna a bakin yaro, makamashi ne kawai a idonsa.

Ga misalin gawo. Yakan zubar da ganye da damina, hatsin da ke ƙarƙashinsa ya sami rana. Da rani kuwa sai ya yi kore, bisashe su ci 'ya'yansa, su kwanta a inuwarsa, su bar taki. Ana iya rubuta wannan a allo, yaro ya haddace, ya manta bayan jarrabawa. Amma yaron da ya auna karan gero a gindin gawo da hannunsa, ya gwada shi da na fili, da wuya ya ɗora wa gawo gatari in ya girma. Gani ya kori ji.

Ƙasar Maraɗi ta shaida haka. A shekarar 1983 Tony Rinaudo, ɗan mishan na SIM daga Ostareliya, bayan yawancin itatuwan da aka dasa sun mutu, ya duƙa ya dubi tsiron da manoma suke sassabewa kowace shekara. Ashe toho ne na kututturai masu rai. Da aka rage tohon, aka bar masu ƙarfi kaɗan, suka zama itatuwa. An kiyasta manoman Nijar sun farfaɗo da hekta wajen miliyan 5 ta wannan hanya. Ba sabon iri aka kawo ba, duba aka yi da kyau.

Duk da haka akwai haɗari. Yaro yana iya koyon sunan tsuntsu domin ya fi iya harbinsa da ɗanƙo. Sani in babu tausayi, ɓarna yake ƙarawa. Don haka malamin kirki yakan sa a mayar da kwaɗo inda aka ɗauko shi, a ƙidaya ƙwai cikin sheƙa ba a taɓa ba, yana bayyana cewa kwaɗo yana cin ƙwari, ƙudan zuma kuma yana sa fure ya yi 'ya'ya.

Wannan koyarwa ba ta bukatar kuɗi. A ba kowane yaro kututturen kalgo ko aduwa ya lura da shi, yana auna tsawonsa wata wata. A aike shi wurin kakarsa ya rubuto sunayen tsirrai da amfaninsu tun ba ta tafi da su kabari ba. Ikilisiyar da ke da makaranta tana da hakkin yin haka. Ko yaron ya zama likita ko alƙali, daga ƙasan nan zai ci tuwo, zai kuma ba da lissafinta a gaban Mai ita.