Ba a Kyauta da Kayan Wani

A rumbun hotuna na Wikimedia Commons, wanda aka buɗe a 2004 kuma 'yan sa-kai ke kula da shi, akwai ƙa'idar da ke yawan jawo rigima: idan aka yi shakka mai ƙarfi kan haƙƙin mallakar hoto, goge shi ake yi. Cewa mai shi ba zai sani ba, ko ba zai kai ƙara ba, ba hujja ba ce a wurinsu.

Ka je Dubai ka ɗauki hoton Burj Khalifa da wayarka, ka ɗora, sai a cire. Dalili kuwa, zanen ginin yana da mai haƙƙi, dokar ƙasar kuma ba ta sake wa masu hoto hannu ba. Haka tsohon hoton kakanka da ke cikin akwati: takardar taka ce, amma haƙƙin galibi na wanda ya ɗauka ne, ko da an manta sunansa.

Masu ƙorafi suna da gaskiyarsu. Al'ummar da ba ta da manyan ɗakunan adana tarihi ita ta fi asara, domin hotunanta ne ba su da takardun shaida.

Duk da haka, ina ganin tsaurin yana kan hanya. Rumbun ya yi wa duniya alkawari cewa kowa na iya ɗaukar abin da ke ciki, ya sauya shi, har ya sayar, muddin ya bi sharaɗin lasisi. Malamar da ta sa hoton a littafinta ta dogara ne da wannan magana. In hoton na wani ne, ita za a kama, alhali wanda ya ɗora ya sha yabon kyauta. Mu masu rubuta manhaja mun san haka: ɗan guntun aikin wani da aka saka ba izini yakan jefa dukan aikin cikin matsala.

Inda 'yan sa-kai ke kuskure shi ne gogewa ba bayani, ba nuna wa sabon shiga yadda zai nemo izini. Kuma gogewar ba ƙonewa ba ce, ɓoyewa ake yi. Da Beljiyam ta gyara dokarta a 2016, hotunan ginin Atomium sun samu shiga. Wanda tsaurin ya ɓata wa rai, ƙofar masu yin doka ya kamata ya ƙwanƙwasa.