Haƙƙin Tsuntsu a Kan Wanda Ya Killace Shi

A ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan, inda rake da tumatir suka fi cin hankalin manomi, akwai wani ilimi a hannun matan gida wanda ba kasafai ake kiransa ilimi ba. Da damina ta kankama zabi suka fara zuba ƙwai a ciyawa, sai uwargida ta sa yara su kwaso, ta sanya wa kazar da ta fara kwanci. Ta san zabuwa ba ta iya reno ba, takan ja 'ya'yanta cikin raɓa sanyi ya kashe su. Ta san ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabuwa kuwa sai ya kusa 28. Ra'ayina shi ne irin wannan sani ya wuce dabarar neman riba: wajibi ne na addini a kan duk wanda ya killace wata halitta, kuma wajibin yana ƙara nauyi idan halittar baƙuwa ce.

Babu tsuntsun da ya fito da wannan magana fili kamar emu, 'yar'uwar jimina ta ƙasar Ostireliya, wadda yanzu ake kiwonta a gonaki har a Indiya da Amurka. Macen ce ke neman namiji, har mata kan yi faɗa a kansa. Takan saka ƙwai kore shar mai duhu, kowanne wajen rabin kilo ko fiye, kusan ɗaya a kwana uku, sannan ta kama gabanta. Namijin ne ke kwanci, wajen mako takwas, kusan ba ci ba sha, ba ya tashi sai don ya juya ƙwan, har ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. In 'yan tsakin masu zane-zane suka fito, shi ke kiwonsu watanni, yana korar duk wanda ya matso, har da uwarsu. Mai kiwon da ya auna emu da ma'aunin kaza zai ga namijinsa kwance ya ƙi abinci, ya ce ciwo ne, ya tashe shi da sanda, ya ɗura masa magani, ƙwai su huce su lalace. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma cutar ta auku.

Alƙur'ani a Suratul An'am, aya ta 38, ya bayyana cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu, a Suratu Ɗaha kuma, aya ta 50, Annabi Musa (AS) ya siffanta Ubangiji da cewa Shi ya ba kowane abu halittarsa sannan ya shiryar da shi. To, kwancin namijin emu yana cikin wannan shiriya. A daji tsuntsun yana zaɓen abokin aure da wurin sheƙa da lokacin ƙwai da kansa. Ranar da mutum ya zagaye shi da waya, ya karɓe wannan zaɓi duka, ya koma shi ke yanke masa hukunci. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya ɗora mata laifi biyu: ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Malaman Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, sun wajabta wa mai dabba ciyar da ita in babu makiyaya, in ya ƙi a tilasta masa sayarwa. Ƙa'idar usulu kuwa sananniya ce, cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Ba a iya sauke haƙƙin tsuntsun da ba a san halinsa ba.

Wani zai ce ai Allah ya hore mana dabbobi, kuma manoman emu da jimina kwashe ƙwan suke yi su zuba a injin ƙyanƙyasa, to ina ɗabi'ar da ake cewa a kiyaye? Gaskiya ne an hore mana su, kuma ɗaukar ƙwai halal ne, kamar yadda uwargidan Kudan ba ta yi laifi ba da ta ba kaza ƙwan zabuwa. Sai dai ita ta canja hanyar ne bayan ta san zabuwa ciki da waje, injin ma ba ya aiki sai an kwaikwayi zafin jikin uban da yadda yake juya ƙwan. Iyakar ita ce cutarwa. Abu Dawud ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a tafiya, ta zo tana kaɗa fikafikai, Manzon Allah (SAW) ya umarce su su mayar mata. Tashin hankalin uwa mai fiffike ma abin lura ne a Shari'a, balle na uban da ya yi wata biyu yana azumi a kan ƙwai.

Akwai kuma masu cewa arziki na Allah ne, a saya kawai a yi tawakkali. Jihar Tamil Nadu ta Indiya ta ga ƙarshen wannan tunani a 2012, lokacin da kamfanonin da suka yi wa jama'a alkawarin ribar wata-wata a kan kiwon emu suka rushe. Mutane sun yi asarar dukiya, aka bar dubban tsuntsaye a keji babu mai ba su abinci. Mu ma muna da namu tarihin. Gashin jimina yana cikin manyan kayan da ayari ke ɗauka daga Kano zuwa Tarabulus a ƙarni na 19, a 1911 kuma Afirka ta Kudu ta turo tawaga har ƙasar Kano neman irin jiminarmu mai jan wuya. Yau jiminar nan ta ɓace daga mafi yawan dazuzzukan da ta saba yawo, har sai da aka kafa mata wurin hayayyafa a Kelle, cikin jihar Damagaram ta Nijar, inda masana ke faman gano abin da zai sa ƙwanta ya ƙyanƙyashe, 'yan tsakin su rayu.