Lambobin da Ke Cikin Wayarka, Naka Ne?

Wata Asabar bayan sallar asuba, a nan Landan, saƙo ya shigo mini ta WhatsApp daga wata lambar Najeriya da ban sani ba. Hoton ɗan baffana ne da ke Kaduna, an rubuta a ƙarƙashinsa cewa ɓarawo ne, ya ci bashi ya gudu, kuma wai ni ne na tsaya masa. Ban tsaya masa ba, ban ma san ya ci bashi ba. Kafin azahar na ji cewa irin saƙon ya je wa surukinsa, da limamin unguwarsu, da wata mata da yake sayen gawayi a wurinta. Naira dubu 40 ce ake wannan tonon silili a kanta. Ya ranto ta daga wata manhajar waya bisa sharaɗin biya cikin kwana bakwai, ya makara da kwana biyu.

Rubuta manhajoji ne sana'ata, don haka yadda aka yi bai ɗaure mini kai ba. Lokacin da ya sauke manhajar, ta nemi izinin duba lambobin wayarsa da hotunansa. Mai buƙata ba ya tsayawa karatu, ya danna amincewa. A daƙiƙa kaɗan an kwashe komai zuwa kwamfutocinsu, kuma goge manhajar daga baya ba ya dawo da abin da ya riga ya fita. Ba su nemi fili ko babur a matsayin jingina ba. Mutuncinsa suka karɓa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne izinin nan. Ko a kasuwa, ba a jinginar da kayan wani. Lambata na ba shi ne domin zumunci, limamin ya ba shi tasa domin suna da jana'iza. Shin yardar mutum ɗaya tana isa a kan ɗaruruwan da ba a tambaye su ba? A ganina lambar da aka ba ka ajiya ce a hannunka. Ya yi sakaci da ita cikin rashin sani, su kuwa sun san abin da suke karɓa, domin a kansa suka gina kasuwancin.

Ba zan ɓoye cewa mai bin bashi yana da haƙƙi ba, ko da na ajiye maganar ruwan da suke ɗorawa, wadda ita ma babba ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan bashi ta sauka. Akwai kuma hadisin da ya nuna cewa mai halin biya idan ya riƙa ja da bashi, ya buɗe ƙofar a taɓa mutuncinsa. Wani abokina ya kawo mini shi a matsayin hujjarsu. Amma malamai sun fassara wannan da kai ƙara da faɗin gaskiyar cewa an ƙi biya, ba ƙagen sata ba, ba kuma tsoratar da waɗanda ba su ci ba su sha ba. Sannan sharaɗin shi ne mai hali. Wanda ke cikin ƙunci, aya ta 280 jinkiri ta umarta a yi masa. Manhaja ba ta tambayar ko mutum ya ƙi ne ko ya kasa. Ranar biya kawai take ƙirgawa.

Hukumomi sun motsa. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas. Daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin rance taɓa lambobi da hotuna, a watan Yuni kuma aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a. Sai dai da yawa sun koma raba manhajar ta saƙo kai tsaye, inda babu mai tantancewa. A nan Birtaniya ƙa'ida ta hana kamfani bayyana bashin mutum ga wani ba bisa haƙƙi ba, amma ba ta kai hannu ga wanda ke turo saƙo daga wata ƙasa.

Mu mazauna waje ya kamata mu gane matsayinmu a lissafinsu. Lambar da ta fara da +44 ko +966 tana sanar da su cewa ga mai iya biya, ga kuma wanda dangi ba sa so ya ji abin kunya.

Na yini ina gaya wa kaina cewa ba zan biya ba, domin biyan shaida ce cewa hanyarsu tana aiki, kuma gobe za su yi wa wani. Da daddare baffana ya kira. Bai ambaci kuɗi ba. Ya tambayi lafiyar yara, ya yi shiru, sannan ya ce ranar a gida ya yi sallar magariba. Na tura kuɗin kafin in kwanta.

Washegari na buɗe tawa wayar na duba manhajojin da na ba izinin ganin lambobi. Goma sha ɗaya ne, har da wata ta odar abinci. Lambar baffan tana ciki.