Abin da Kake Kira Naka

Karatu: Yahaya 1:11, 10:12, 16:32, 19:27

Ɗan'uwa mai sauraro, sau nawa ka ce "nawa ne" tun wayewar garin yau? Gidana, gonata, 'ya'yana. Tambayarmu ita ce, mene ne ke sa abu ya zama naka, ikon da kake da shi a kansa, ko kuwa nawayar da ka ɗauka dominsa?

An rubuta Sabon Alkawari da Helenanci. Idan ana so a ce "nasa" kawai, akan ce autu. Amma akwai wata kalma mai nauyi, wato idiyos, ma'anarta "nasa na kansa". Sifa ce, tana canza ƙarshenta bisa ga jinsi da adadin abin da aka mallaka, kamar yadda muke bambanta "nawa" da "tawa". Sai dai Helenanci yana da jinsi uku: namiji, tamace, da na uku wanda ba namiji ba tamace.

A Yahaya 1:11 kalmar ta fito sau biyu. Ta farko ta idiya ce, jam'i a jinsi na uku, wato kayansa ko gidansa. Ta biyu hoi idiyoi ce, jam'i na namiji, wato mutanensa. Maigida ya iso gidansa, mutanen gidan ne suka ƙi shi. Duk da haka bai daina kiransu nasa ba.

A 10:12 kuma, ɗan ƙodago ya gudu da ganin kyarkeci, gama tumakin ba idiya ba ne gare shi. Makiyayi ya tsaya domin nasa ne.

Yanzu ka lura da wurare biyu inda aka yi amfani da furci ɗaya, eis ta idiya, wato "zuwa gidansa". A 16:32 Yesu ya faɗa wa almajiransa za su warwatse, kowa ya nufi gidansa, su bar shi shi kaɗai. A 19:27 almajirin da Yesu yake ƙauna ya karɓi Maryamu a gindin gicciye, ya kai ta gidansa, ko da yake ba ita ta haife shi ba. Kalmomin ɗaya ne. A wuri na farko gida maɓoya ne, a na biyu kuwa mafaka ce ga mai makoki.

Ashe laifin ba a cikin mallaka yake ba. Wani yakan ce "nawa ne" domin ya rufe ƙofa, wani kuma domin ya ɗauki nawaya. A unguwarku akwai gwauruwa ko maraya da ba wanda ya ce "nawa ne". Ƙofarka fa?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka kira mu naka tun muna ƙinka. Ka koya mana mu buɗe gidajenmu ga waɗanda ka ba mu. A cikin sunan Yesu, Amin.