Malami, Wa Ka Ke Duba?

Akwai wata magana da ta daɗe tana kawo saɓani tsakanin gida da makaranta, ko da shi ke ba mu cika zama mu auna ta ba. A gida ana koya wa yaro ya sunkuyar da kai sa'ad da babba ya ke yi masa magana; wanda ya tsare ubansa da ido, sai a ce ya yi tsaurin ido, ba shi da kunya. Yaron nan kuwa da ya shiga aji, sai malami ya daka masa tsawa, "Kai, ɗaga kanka, dube ni!" Idan bai ɗaga ba, a ce taurin kai ne, ko kuwa akwai ƙaryar da ya ke ɓoyewa. Abin da ya ke ladabi da safe ya zama laifi da hantsi. To, 'yan'uwa, wa ke da gaskiya?

Bari mu fara ba iyayenmu hakkinsu. A makarantar allo kowane yaro idonsa a kan allonsa ya ke, yana ɗaga murya da nasa karatu, malam kuwa da kunne ya ke kama kuskure. Karatu irin wannan bai bukaci haɗa ido ba. Amma tun daga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da makarantun mishan irin ta Wusasa, sai wani tsari ya yi ta yaɗuwa sannu a hankali, watau malami ɗaya a tsaye gaban allo, yara a jere suna bin darasi guda. Turawan da suka kawo tsarin, a al'adarsu wanda ya ƙi duban idonka abin zargi ne. Malamanmu suka karɓi tsarin, suka haɗa da zargin.

Tsarin kansa lalle yana bukatar fuska. Malami ya gama bayanin lissafi, ya ce, "Kun gane?" Dukan aji su amsa, "I, Malam!" Baki ya amsa saboda ladabi, amma labarin zuciya a tambayi fuska. Malamin da ya juya wa yara ƙeya tun daga farkon darasi har a buga ƙararrawa, allo ya ke koyarwa. Tun da aka soma shirin karatun firamare ga kowa a 1976 ajujuwa da yawa suka cika maƙil, har yaro ya iya ƙare zango guda a bencin baya, malaminsa bai taɓa sa masa ido ba. Waɗanda su kan ɓace haka su ne masu kunya, da 'yan mata, da wanda kunnensa ya yi nauyi, da wanda ba ya hangen allo amma yana tsoron faɗi.

A nan ne Littafi Mai Tsarki ya ke taimakonmu, idan muka lura da wanda ya kan fara duban wani. Cikin Markus 10:21 Ubangijinmu Yesu ne ya dubi mutumin nan mai arziki, ya ƙaunace shi, tun kafin ya gaya masa magana mai wuya. Cikin Luka 19:5 shi ne ya ɗaga ido ya ga Zakka a kan itace. Cikin Luka 22:61 shi ne ya juya ya dubi Bitrus a daren da ya yi musun saninsa, duban nan kuwa ya yi aikin da bulala ba za ta yi ba. Wadda ta fi taɓa zuciyata ita ce macen nan ta Luka 13, wadda ta shekara 18 a tanƙware, ba ta iya miƙewa. Ubangiji yana cikin koyarwa a majami'a ya gan ta, ya kira ta. Da ya jira sai ta dubi idonsa tukuna, da ta koma gida yadda ta zo. Mai karɓar haraji kuma, na Luka 18:13, ya ƙi ɗaga idonsa sama, shi ne kuwa aka karɓa. Gaskiya ne Bitrus ya umurci gurgun nan na ƙofar Haikali ya dube su (Ayyukan Manzanni 3:4), amma domin yana da abin da zai ba shi ne.

Saboda haka ina ganin nauyin duba a wuyan malami ya ke. Shi aka ba amanar garken, makiyayi ne kuwa ke ƙirga tumaki. Duban da yaro zai yi wa malami kyauta ce, ta kan zo bayan tsoro ya kau, ba a ƙwatarta da tsawa.

Masu bincike ma sun gano wani abu da zai amfane mu. Wata malama a Jami'ar Stirling ta ƙasar Sikotilan, mai suna Doherty-Sneddon, ita da abokan aikinta sun nuna a 2002 cewa yara su kan kawar da ido daga fuskar mai tambaya sa'ad da su ke tunani, tambaya kuwa tana ƙara wuya suna ƙara kawarwa. A 2006 suka nuna kuma cewa yara 'yan shekara 5 da aka koya musu su kau da ido lokacin tunani sun fi ba da amsa daidai. Dalilin a fili ya ke: fuskar mutum tana jan hankali ƙwarai, har ta tare wa tunani hanya. Ashe yaron da ya dubi ƙasa bayan tambaya, wataƙila amsa ya ke nema. Tun 1972 wata Ba'amurkiya, Mary Budd Rowe, ta auna ta ga malamai daƙiƙa ɗaya kawai su kan jira amsa. Waɗanda suka jira daƙiƙa 3 ko fiye suka sami amsoshi masu tsawo, daga bakin yara masu yawa.

Wani dattijo zai ce, "Ido, wa ka raina? Wanda na ke gani yau da gobe." Tsoronsa kada yaro ya saba da idon malami, raini ya shiga. Ban ce tsoron banza ba ne. Amma ku duba cikin ekklesiyarku, malaman da tsofaffin almajiransu ke zuwa gaishe su bayan shekara 30, galibi su ne waɗanda suka san fuskar kowane yaro da sunansa. Mai harara da zare ido, ana tsoronsa har ranar da aka bar makaranta, daga nan sai mantuwa.

Akwai kuma duban da ya ke zunubi, ba zan rufe baki a kansa ba. Malami namiji da ya ke tsare 'yar makaranta da ido har ta rasa inda za ta sa kanta, ya karanta Matta 5:28, dattawan ekklesiya kuma kada su jira sai ɓarna ta auku kafin su kira shi.

Ga malamin makarantar Lahadi ko na firamare da ke da yaro mai yawan kunya, ga shawara. Kada ka tsaya a kansa. Ka kira sunansa a hankali, ka durƙusa kusa da shi, ku dubi littafinsa tare, ka yi tambaya, sa'an nan ka ƙirga uku a zuciyarka. Idan kana so ya riƙa duban fuskarka lokacin bayani, ka je gidansu ka gaya wa ubansa dalili, domin uban ya ba shi izini da bakinsa.