Muridi da Wayar Hannu: Abin da Na'ura Ke Kaiwa da Wanda Ba Ta Kaiwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaba, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Duk wanda ya san Zabori da sauran garuruwan ƙasar Gaya ya ga yadda zamani ya juya cikin 'yan shekaru. A da, ɗan cin rani da ke Kwatano ko Legas sai ya jira mai zuwa gida, ya damƙa masa kuɗi da wasiƙa. Yau da safe yake turawa ta Nita ko Al Izza, kafin la'asar an auno hatsi. Manomi yana jin farashin wake a kasuwar Kamba tun bai ɗinke buhu ba. Da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil bayan 26 ga Yulin 2023, motoci sun tsaya, amma gaisuwa da ta'aziyya ba su daina ƙetare kogi ta waya ba. A 2025 intanet na Starlink ya fara aiki a Nijar. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira irin ta ChatGPT, wadda ta bayyana a ƙarshen 2022, ana yi mata tambaya tana amsawa, har da Hausa.

Wannan duk ni'ima ce, kuma ɗariƙa ba ta taɓa gaba da abin amfani ba. An ɗauki tafsirin Shehu Ibrahim Inyass (RTA) a na'ura, daga baya aka kwafe shi ya zama littafi. Tafsirin Shehu Ɗahiru Usman Bauchi ya yi shekaru yana shiga gidaje ta rediyon Kaduna a watan azumi. Yau wanda rashin lafiya ya hana shi zuwa Maulidin Kiyota yana iya kallonsa a tafin hannunsa. Sai dai muridi yana bukatar ya san iyakar na'ura, kuma iyakar tana wurare uku.

Na farko, izini. Lazimi ba sirri ba ne ta fuskar lafazi: istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma. Kowa zai iya samunsa a intanet cikin minti ɗaya. Amma wuridi ba ya zama wuridin ɗariƙa sai an karɓe shi daga muƙaddami mai izini, wanda silsilarsa ta kai ga Shehu Ahmadu Tijjani (RTA), wanda ya rasu a Fas a 1815. Muƙaddami yana duban mai nema, ya karanta masa sharuɗɗa, ya ji alkawarinsa. Na'ura kuwa kalmomin mutane ta tattara, tana jera su yadda suka fi dacewa da tambaya. Ba ta da shehu, ba ta alwala, ba za ta tashi ranar hisabi ta amsa abin da ta faɗa ba. Tana iya jingina wa Jawahirul Ma'ani maganar da ba ta cikinsa, kuma ta faɗe ta ba tare da inda-inda ba. Imam Muslim ya ruwaito gargaɗin Ibnu Sirina cewa ilimi addini ne, don haka mutum ya duba wajen wa yake ɗaukarsa. Matambayi ba ya ɓata, amma fa in masani ya tambaya.

Na biyu, gaskiyar labari. Yanzu ana iya kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa, a sa masa maganar da bai yi ba. Gobe za a iya turo murya a WhatsApp a ce wani shehi ne ya zagi wani, ko halifa ya ce a tura kuɗi wata lamba. A ƙasar iyaka, inda saƙo ke shigowa daga ƙasashe uku, fitina ba ta wuyar yaɗuwa. Suratul Hujurati ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Ladabin muridi shi ne ya riƙe yatsansa, ya tambayi muƙaddaminsa, kada ya tura abin da bai tabbatar ba. Wanda ya tura ƙarya ga mutum ɗari ya ɗauki nauyin mutum ɗari.

Na uku, halartar zuciya. Hadisin Bukhari ya ambaci lafiya da sarari a matsayin ni'imomi biyu da mutane da yawa ke tafka asara a cikinsu. Tafiyar yini guda da waya ta rage wa mutum, ina ya kai yinin? Akwai wanda carbi ke hannun damansa, hagu kuma tana shafa fuskar waya. Akwai wanda wayarsa ke kuka an shimfiɗa farin ƙyalle ana Jauharatul Kamali. Wazifa da zikirin Juma'a an so su cikin jama'a, gwiwa da gwiwa. A nan ne ake ganin wanda bai zo ba, a je gaishe shi. A nan mai kuɗi ke zama kusa da mai jan kura. Sauraron zikiri a waya yana da daɗi, amma bai sauke wa kowa wazifarsa ba. Zuwa da kai ya fi aike.

Haka batun sana'a. Mai rubuta wa mutane wasiƙa ya rasa kasuwa, wasu sana'o'in ma za su bi shi. Arziki na Allah ne, amma an yi umarni da nema. Ya kamata iyaye da malaman zawiya su ƙarfafa wa almajirai koyon gyaran waya, haɗa wutar sola da aikin kwamfuta, tare da allo da littafi. Wanda ke karɓar kuɗin mutane ya tura, ya sani amana ce a wuyansa, ko dala ɗaya ce.

Saboda haka muridi ya mallaki waya, kada waya ta mallake shi. Ya kashe ta kafin ya zauna lazimi. Ya nemi karatu da ita, ya kai abin da ya samo gaban malami a tace masa. Ya sada zumunci da ita, sannan ya taka da ƙafarsa zuwa zawiya.

Allah Ya tabbatar da 'yan'uwa a kan alkawari, Ya tsare su daga fitinar zamani, Ya ba su alherinsa, albarkar Annabi (SAW). Amin.